Mai Tsani da Kaucin Tsohuwar Gwaiba

Kafin a buɗe ɗakin gwaje-gwaje, shi ya riga ya jingina tsaninsa a lambun bayan cibiyar binciken magunguna. Tsanin ya ba shi suna, har wasu ma'aikatan ba su san yana da wani ba. Aikinsa ɗebo kauci, tsiron nan da ba shi da saiwa a ƙasa, sai dai ya maƙale a reshen wata bishiya ya sha abin da ta sha.

Mai Tsani bai taɓa haɗa kaucin mangwaro da na gwaiba a tabarma ɗaya ba. Yakan ce kowane baƙo halin mai masaukinsa yake ɗauka. A inuwa yake shanya ganyen, yana juyawa da yatsu, don rana na cinye ƙarfinsa. Daga tabarmarsa ake ɗauka a niƙa, a jiƙa, a ɗiga cikin wani ruwa mai launin shunayya. In ruwan ya koɗe ya koma rawaya, masu bincike su yi murna, alama ce ta sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Na wata tsohuwar gwaiba da ke kusurwar lambun ya fi kowanne koɗar da ruwan.

Ranar da sabon mai kula da harabar ya turo masu zarto su share kauci, wai cuta ce, manyan duk suna wajen taro suna karɓar tafi. Mai shara ta ga abin da ya faru. Dattijon nan Mai Tsani, da gwiwarsa mai ciwo, ya haye tsanin ya zauna a kan reshen gwaibar da za a fara yanka.

"Baba, sauko mana, magani za mu yi wa bishiyar," in ji mai zarton.

"Ɗana, maganin kake shirin yankewa. In ka matsu, fara da ƙafata, ita ma ta dame ni."

Suka yi dariya, suka roƙa, suka yi barazanar kai ƙara. Rana ta take, bai sauko ba sai da aka mayar da zarto mota.

To, a makon jiya an yi bikin karrama binciken. An gode wa wanda ya kawo na'ura, an gode wa mai ɗaukar hoto, har mai jera kujeru an ambata. Mai Tsani, da ya rage masa kwanaki ya ajiye aiki, yana tsaye a bakin ƙofa cikin rigar da 'yarsa ta goge masa. Ya yi tafi tare da kowa. Da 'yar ta tambaye shi a gida ko an kira sunansa, ya ce an kira na gwaibar, ai ya isa.

Bai isa ba, Baba. Wannan butulci ne, ko da an yi shi cikin lasifika. Kai ne bishiyar da ta goya kauci ba ta yi ƙorafi ba. Wasu sun yi ganye shar a kanka, sun manta ba su da saiwa.

Mun gode, Allah Ya ba gwiwar nan lafiya. Matasa, ku koyi shanya abu a inuwa ba tare da gaggawa ba. Ku kuma masu hawa mumbari, kafin ku karɓi tafi na gaba, ku leƙa ƙasa ku ga a kan reshen wa kuke zaune.