Karan da Na Tara a Gindin Gawon Inna

Wata Lahadi ce cikin bazara, shekarar da nake aji uku na firamare, gari duk ya watse zuwa kasuwar Illela, Inna ta aike ni in kai wa Baffa Sani fura a gona. Ƙanen mahaifina ne, kuma tun da Baba ya rasu shi ke duba mana gonarmu ta hanyar Garu. Ya shanye furarsa, ya nuna mini karan geron da aka tuge wajen sassabe, ya ce in kwashe shi kaf in jibge a gindin gawon da ke tsakiyar gonar. Ni kuwa murna kamar me, yau an ba ni aikin manya. Na yi ta jida a ka, kara na yankar wuyana, har tulin ya fi ni tsayi. Da ya ƙyasta ashana sai wutar ta yi nawar kamawa, ya miƙo mini faifan da na rufo furar da shi. "Fifita mata, ɗiyata, iska taka so." Na durƙusa na yi ta fifita ina dariya, har ta tashi ta lashe jikin iccen.

Gawon nan shi ke ciyar da mu, ban ƙara komai ba. Da rani, lokacin da ko'ina ya ƙone ƙurmus, shi kore shar yake. Shanun Fulani su kwana biyu a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar mana kashinsu, mu kuma 'yan mata mu yi ta carafke a kan saiwoyinsa har a aiko kiranmu. Da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganyensa duka, ganyen ya ruɓe a ƙasa, rana ta samu shuka. Geron gindinsa yakan shanye mutum a kan jaki. Inna takan ce, "Iccen ga shi na gonar, sauran duk rairayi na."

Baffa ya san haka sarai, abin da ke ci mini rai ke nan har gobe. Malaman daji sun hana sare ɗanyen gawo, amma busasshe ba ruwansu da shi, shi ya sa marasa tsoron Allah ke cinna masa wuta a gindi su bar shi ya mutu a tsaye. Kuma bazara ya zaɓa da gangan, don ko ganye ya zube za a ce al'adarsa ce. Sai da kaka ta wuce, gawon kowa ya yi toho namu yana tsaye ƙwarangwal, sannan Inna ta yafa mayafi ta sami Baffa. A gabana, ko kunya babu, ya ce wutar sassabe ce ta ƙwace, kuma ai ga wadda ta tara karan can, a tambaye ta. Inna ba ta doke ni ba, da ma ta doke ni. Ta dai dube ni ta ce, "Ke mi kika sani?" Kafin sati masassaƙa sun zo, aka fitar da turame aka loda a amalanke zuwa kasuwa.

Damina biyu kawai gonar ta jure. Ta uku geron ko ƙuguna bai kai ba, rumbunmu ya ƙare tun kafin watan azumi. Inna, wadda ba ta taɓa roƙon kowa tsaba ba, ta koma yin dakau a gidajen 'yan kasuwa, ni ina bin ta ina bakace. Duk sabon turmin da ta sa taɓarya a ciki sai in tsura masa ido.

Yanzu ni ke koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata. Kowace shekara nakan kunna kyandir in kifa masa kwalba, su ga ya mutu, in ce musu wuta ma numfashi take yi, kuma oksijin ɗin da take ci shi muke shaƙa, tsirrai ne ke samar da shi. Nakan gaya musu tun kafin a yi ɗan Adam ake wannan juyin: tsiro ya ba da iska, ya ruɓe ya ciyar da na bayansa, in iskar ta yi yawa gobara ta yawaita ta rage dazuka, in ta ragu wuta ta lafa daji ya dawo. Ma'auni ne Allah ya ajiye, ya daɗe yana daidaita kansa. Suna rubutawa, ni kuwa Baffa nake gani da ashanarsa, da kaina riƙe da faifai.

Bara na leƙa gonar. Rairayi ne zalla, ko akuya ba ta tsayawa. Inna ta rasu. Baffa na nan ya tsufa, yana zaune a inuwar dalbejiyar maƙwabcinsa yana ƙorafin wai ƙasa ta mutu, zamani ya lalace. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini, na tashi na kama hanyata.

Har yau in na ɗauki faifai zan fifita wuta, sai hannuna ya tsaya.