Hannun da Ban Ɗaga Miki Ba, Kak Rosmawati

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, 'yarki Suraya ta kira ni ta ce Allah Ya karɓi abinSa a asibitin garinmu Lumut. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

Kak, wato Yaya a harshenmu, shekara ashirin da shida kika yi kina gyaran kifi a kamfanin gwangwani, da guminki kika sayi 'yan hannayen jarinsa. Mu ƙananan masu jari, abin da ke kai mu taron shekara shi ne jakar kyauta da ƙunshin shinkafar kwakwa. Ke kaɗai kike zuwa da rahoton kamfani duk kin zane shi da jan biro. Ke kika koya mini karanta shi a barandarki, kina tsokanata: "Shamsuri, kai mai kamfani ne fa, ba ɗan cin biki ba."

Iyalan shugaba ke riƙe da fiye da rabin jari, abin da suka so shi ake yi. Sau ɗaya dama ta zo mana, shekarar da suka nemi sayar wa surukinsu ɗakin sanyin kifi. Tun da cinikin gida ne, ba su da ƙuri'a, sai mu. Gida-gida kika bi mu kina roƙon mu ɗaga hannu mu ƙi cinikin, na kuma yi miki alkawari.

Ana dab da ɗaga hannu aka sanar cewa abincin ya kusa ƙarewa. Mu bakwai muka sulale. Kafin mu dawo an rufe ƙofa, kin faɗi da ratar hannu huɗu. Kamfani ya koma hayar ɗakin da ya gina da kansa, bayan shekara uku aka sa wa ma'aikatar kwaɗo, mata ɗari uku suka zauna a gida.

Da kika tambaye ni inda na shiga, cewa na yi cikina ne ya murɗa. Washegari sai ga ki da dafaffiyar citta a kwalba. "Sha, ɗan'uwa," kika ce, "lafiyarka ta fi ƙuri'a." Na shanye a gabanki.

Shekara tara ke nan. Duk sallah nakan zo neman gafara kamar yadda muka saba, in riƙe hannunki in faɗi komai ban da wannan. Tun da aka binne ki ba na iya bin titin ma'aikatar, gani nake kina tsaye a ƙofa kina ƙirga mu. Kunya nake ji, Kak, kuma tsoro nake ji.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Suraya, ke da ƙannenki Allah Ya ba ku haƙurin rashi. A nan za ki fara sanin abin da na ɓoye wa mahaifiyarki. Ita ta wuce inda zan roƙe ta, sai ku, in za ku iya yafe mini.