Ba mu taɓa zuwa da safe ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kwance tayar moto da safen nan aka kira ni: Baba Idi ya rasu.

Maigidana ke nan, mai gyaran moto, wato babur, kusa da duwan, ofishin kwastan. Shi ya koya mini riƙon sufana. In na ɓata aiki ya ja kunnena, an jima ya turo mini kwanonsa na shinkafa da kifi.

Bara ya daina fitowa. Ba rashi aka yi masa ba, ba asara ya yi ba. Abinci ya fita ransa, ya rame, da ƙyar yake ɗaga ƙafa. Muka ce shawara ce, muka ce sammu ne, wasu suka ce lalaci. Aka haifa masa jika, aka sa masa a hannu, ko murmushi. Sai aka ce ba shi da godiyar Allah.

Mu kuwa abokan aikinsa, gwanayen dubiya, sai mun tashi aiki bayan la'asar muke leƙawa. Mu tarar da shi zaune, har ya amsa gaisuwa, mu fito muna cewa ai ya ji sauƙi. Matarsa Inna Rabi ta sha ce mana, "Ku taho da sahe ku gani." Wa ya saurare ta?

Sai watan jiya muka kai shi asibiti a garin Parakou. Likita ya tambaya yaushe abin ya fi tsanani. Mu maza uku muka tsaya kallon juna. Inna Rabi ce ta amsa: tun kafin assalatu yake farkawa, ya yi ta cewa shi ya cuci kowa. Likita ya ce wannan ba damuwar da muka sani ba ce, wadda hira ko albishir ke ragewa. Iri ne daban, melankoli ake ce masa, da safe ya fi cin mutum, kuma yana da magani.

An fara maganin, amma jiki ya riga ya ƙare.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Talata ne. Ya riƙe hannuna ya ce, "Sani, kai ma da marece kaka zuwa." Na yi dariya. Wallahi dariya na yi.

Yau kam da safe muka zo, dukanmu, har babu wurin ajiye moto. Ina jin haushinmu, nawa ya fi.

Allah Ya jiƙan Baba Idi, Ya hutar da shi, Ya ba Inna Rabi haƙuri. Don Allah ku sa shi a addu'a, da asuba in da hali. Lokacin ne muka bar shi shi kaɗai.