Yaron da Ba a Saukewa

Ƙanwata ta zo gidana a Batsari da goyo a baya, bayan an tashi ƙauyensu da ke gefen Ruma. Yaron ya kai wata bakwai, kumatunsa cike. Na shimfiɗa tabarma na ce ta sauke shi ya sha iska. Ta ce, "Bar shi, Yaya, nan ya saba."

Na ɗauka gajiyar hanya ce, amma kwanaki suka wuce ban ga ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Da shi take daka, da shi take wanki, da shi take salla. In zai sha nono sai ta juyo da shi ta ƙarƙashin hammata, ya ƙoshi ta mayar.

Na san dalili, ko da ba ma zancen. 'Yarta ta fari ba ta daɗe da fara tafiya ba lokacin da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da hantsi. Saboda kunyar 'yar fari, ƙanwata ba ta ɗaukarta a gaban mutane, yarinyar kullum tana wajen kakarta. Da aka ji harbi, uwar ta gudu tana zaton tana hannun kaka, kakar kuma tana zaton tana wajen uwa. Ashe yarinyar ta bi 'yan awaki zuwa bayan rumbu. An cinna wa rumbun wuta. A can aka same ta da aka dawo.

Sa'annin yaron a unguwarmu suna rarrafe, suna jan kwanuka, suna cin ƙasa, shi ko zama bai iya ba. In ka miƙa masa ludayi sai ya bi shi da ido kawai, don hannuwansa sun saba zama a cikin zane. Malamar asibiti ta duba shi ranar rigakafi, ta ce lafiyarsa lau, ƙasa yake buƙata. Ƙanwata ta ce to, muka dawo gida ta ƙara tamke zanen.

Sai na koma lallashi. Na ce bayanta zai lalace, ta ba ni shi ko na lokacin wanka ne. Da ƙyar ta yarda. Tana shiga banɗaki sai in zaunar da shi tsakanin cinyoyina, in ajiye murfin kwano a gabansa. Da farko kifewa yake yi kamar buhun da ba a cika ba. A hankali bayansa ya yi ƙwari, ya fara kai hannu, ya kama murfin ya kai baki. Daga nan ya shiga jan ciki, da baya-baya ma ya fara, yana jin haushi abin da yake so yana ƙara nisa. Uwar ta sani. Takan fito ta ga ƙura a rigarsa, ta kakkaɓe, ta mayar da shi baya.

Ya wuce shekara da rabi kafin ya dafa turmi ya miƙe. Ran da ya saki turmin muna tsakar gida muna ɓarar wake. Na tafa hannu ina ce masa ta-ta-ta, ya ɗaga ƙafa, ya yi tangal-tangal, ya nufi wajen kaji yana dariya. Na juya in yi wa ƙanwata barka, sai na ga wake ya zube daga cinyarta.

"Yaya, kin koya masa," in ji ta. "Yanzu ta ina zan riƙe shi?"

Har yau ban tabbata ko ta yafe mini ba.

Da damina ta kama mijinta ya samu gonar aro a Zakka, ya zo ya ɗauke su. Na raka su bakin hanya. Yaron yana ta fizgewa yana son ya taka zuwa wajen babur da ƙafarsa. Ta ɗaga shi, ga shi ya yi nauyi, ƙafafunsa har cinyarta, ta goya shi ta ɗaure, ta ƙara majanyi a kai. Babur ya tashi, yaron yana kuka yana dukan bayanta.