Baba Adoum da Ƙafar Tsakiya ta Transista

Ɗalibaina na ajin lantarki a Ngong su talatin da biyu ne, 'ya'yan manoma da 'yan kasuwa. Muna da allo da alli, amma ba mu da ko transista ɗaya da za su riƙe a hannu. Sun haddace zanensa, sai dai duk sun ɗauka shi wannan ɗan abu ne ke ƙirƙiro wuta mai yawa daga 'yar kaɗan. Nasiha, wadda ta fi kowa tambaya, ta faɗi jarrabawa a kan haka. Ta ce mini in ba ta gane ba kafin hutu, za ta bar ajin ta koma shagon ɗinkin yayarta.

Sai na kai su wurin Baba Adoum mai gyaran rediyo.

Shekara talatin da takwas ke nan yana buɗe rumfarsa da hantsi a bakin titin Garwa, ya share tebur, ya sa ƙarfen dalma a gawayi. Lasifikar masallaci da ta coci duk sun bi ta hannunsa. Blaise mai kiɗan biki ya shaida cewa sau uku ana ce masa ya jefar da na'urarsa, Baba yana tayar da ita. Yanzu ido ya yi rauni, bana zai rufe rumfar.

Ya buɗe wata tsohuwar rediyo mai batir, ya nuna wa Nasiha ƙafar tsakiya cikin ƙafafu uku na wani transista, ya ce, “'Yata, lashi yatsanki ki taɓa wannan ƙafar.”

“In mutu, Baba?”

“Batir huɗu? Ko ƙadangare ba za su kashe ba.”

Ta taɓa, lasifika ta yi gurnani, ajin ya fashe da dariya. Ya cire batir ɗaya, ya ce ta sake. Shiru.

“To ina wutar da kike cewa yana haifarwa?”

Ya tambaye ta ko ta taɓa ganin mai buɗe ƙofar ruwa a gonakin shinkafar Lagdo. Ta ce ƙwarai. Ya ce, “Shi ya kawo ruwan? A dam yake. Hannunsa kawai ke juya ƙarfe.” Ya nuna mata yadda 'yar wuta ke shiga ta wannan ƙafar, babba ta taso daga batir ta shiga ta biyu, su haɗu su fita ta uku. In ƙaramar ta motsa, babbar ta bi ta, wajen ninki ɗari.

Baba Adoum, kai ne malamin da ba ya cikin rajistar kowace makaranta. Abin da na yi wata biyu ina zanawa, ka nuna shi kafin shayinka ya huce. Useko, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Masu sana'a kuma, ku bar yara su taɓa kayan aikinku kamar yadda ya bari.

Nasiha tana nan a aji. Da na sake tambayarta ranar Litinin, ta ce, “Malam, transista ba ya yin wuta. Ƙaramar ce ke gaya wa babbar yawan da za ta wuce.”