Baba Makulli da Yajin Aikin Mako Bakwai

Da yankan ciyawa ya fara aiki a jami'ar, yana saurayi, gemu bai gama fito masa ba. Daga nan aka mai da shi masinja, ya yi shekara tara yana kai takardu ofis-ofis, har wata rana aka damƙa masa makullan babban zauren lacca. Tun ranar sunansa na yanka ya ɓace, manya da yara suka koma ce masa Baba Makulli.

Shugabannin jami'a shida ya gani, kuma babu wanda bai zo da 'yan jarida ya ƙaddamar da gyaran rufin zauren nan ba. Rufin dai yana nan yana yoyo. Saboda haka Baba ya tanadi bokitai goma sha ɗaya a bayan allo, ya haddace inda kowanne yake zama. Da hadari ya taso sai ya jera su, malami na koyarwa, ruwa na ɗiga.

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, tana ajin ƙarshe a jami'ar lokacin da ƙungiyar ma'aikata ta kira yajin aiki. Albashi ba ya zuwa kan lokaci, idan ya zo ba ya kai tsakiyar wata, ga ofisoshi ba fanka, ga banɗakuna ba ruwa.

Baba bai taɓa yajin aiki ba, bai san yadda ake yinsa ba. Ranar farko ya yi wanka, ya sa kakinsa, ya zo ya zauna a bakin zaure kamar kullum. Bambancin kawai bai buɗe ƙofa ba.

Saura kwana huɗu a fara jarrabawa, don haka tausayin ma'aikata ya sauko wa ɗalibai da ƙarfi. Har waɗanda ba su taɓa gai da mai shara ba sun fito da kwalaye. Jagoransu wani dogo ne da ake ce wa Kwamared, shekararsa ta uku ke nan a aji biyu. Yana hango Baba ya ɗaga lasifika.

"Ga shi nan! Ga talakan da aka zalunta!"

Kafin Baba ya ce uffan, samari huɗu sun ɗaga shi sama, takalminsa ɗaya ya faɗi.

"Ku sauke ni, 'ya'yan nan, bayana ba lafiya!"

"Kun ji ko?" in ji Kwamared. "Sun karya masa baya! Wannan dattijo 'ya'yansa goma sha huɗu, yau kwana uku bai sa komai a bakinsa ba!"

'Ya'yan Baba biyar ne, kuma da safen nan ya ci ya ƙoshi. Amma wayoyi sun riga sun ɗauka, kafin la'asar bidiyon ya zagaye gari.

Da ya koma gida ya tarar da uwargidansa a tsakar gida, ta ɗaure ɗankwali tamau.

"Sannu da zuwa, mai kwana uku. Wato ni ce ba na dafawa? Yayata ta bugo waya tana kuka, maƙwabta sun aiko da kwano har biyu. Sauran 'ya'ya taran kuma a wane gida ka ajiye su?"

"Wallahi ba ni na faɗa ba."

"To me ya hana ka ƙaryata?"

"Ina sama, ta yaya zan ƙaryata?"

Uwata ba ta yi dariya ba. Ta yi karatu, tana son ta gama, har an yi mata alkawarin aiki a wani asibiti idan ta kawo sakamako.

"Baba, rabin waɗanda suka ɗauke ka jarrabawa suke gudu," in ji ta.

"Na sani. Ni nake share takardun satar amsa a zauren nan, na san kowa."

A mako na uku hukumar jami'a ta yanke shawarar yin jarrabawa ko ta halin ƙaƙa. Mataimakin magatakarda ya zo da kansa, ya tsaya a kan Baba.

"Dattijo, ba ni makullan."

"Ranka ya daɗe, ƙungiya ta ce kada a buɗe."

"Ƙungiya ce ta ɗauke ka aiki?"

"A'a. Amma ita kaɗai ta taɓa tambayata yadda nake."

Aka kira mai walda ya yanke kwaɗon, aka ce ɗalibai su shiga. Kwamared ba ya nan, an gayyace shi ganawa a ofishin shugaba tun safe, kuma ganawar ta zo da abincin rana. Ɗalibai suka yi cirko-cirko, wasu suka fara shiga. Uwata na riƙe da katin jarrabawarta, Baba ya yi mata alama da hannu ta shiga. Ta je har bakin ƙofa, sai ta juyo ta zauna a ƙasa kusa da bencinsa.

"Mahaifina ne wannan," ta ce da ƙawayenta. "Mu biyar ya haifa, kuma yana cin abinci. Amma shekara goma sha ɗaya ba a ƙara masa girma ba. Ba zan shiga ba."

Ba lasifika, ba wanda ya ɗauki hoto. Ƙawayenta suka zauna, wasu suka biyo su, har suka haura ɗari. Baba ya sunkuyar da kai yana juya makullan da ba su da sauran amfani.

Waɗanda suka shiga ba su yi rabin sa'a ba ruwa ya kece. Mataimakin magatakarda ya gano bokitan, amma bai san mazauninsu ba. Duk inda ya ajiye ɗaya sai ruwa ya zubo a gefe. Ya leƙo ta taga, hularsa sharkaf.

"Dattijo, wannan ina ake sa shi?"

"Ranka ya daɗe, ina yajin aiki."

Aka soke jarrabawar. A mako na bakwai aka sa hannu a yarjejeniya, aka ce za a gyara albashi mataki-mataki, aka kuma kafa kwamitin rufi. Kwamitin ya zauna sau takwas, ya sayo sababbin bokitai masu tambarin jami'a. Uwata ta gama a makare, aikin asibitin ya wuce ta, sai bayan shekara ta samu wani.

Bara Baba ya yi ritaya. A wurin walimar sallama, wanda ya karanta takardar yabonsa Kwamared ne, yanzu ya yi tumbi, shi ne mai ba shugaba shawara kan zaman lafiya da ma'aikata. Takardar, wadda aka sa cikin firam mai gilashi, ta ce an karrama Baba ne saboda shekara talatin da ɗaya bai taɓa shiga yajin aiki ba.

"Baba, kada ka karɓa," Uwata ta raɗa masa.

"Bari, Uwata. Dubi gilashin, ai firam ɗin mai kyau ne."

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Da suka isa gida ya zare takardar, ya sa hoton jikarsa a ciki, ya ce a nemo masa ƙusa.