Shirun Madam

Shekarar da na sami aikin buga takardu a wani ƙaramin kamfanin sayar da kayan gini a unguwar Dar es Salam, na ɗauka wahala ta ƙare. Ga albashi, ga kujera tawa, ga sanyin biro, wato ofis. Shugabar sashenmu mace ce doguwa marar yawan magana, kowa Madam yake ce mata. In na kai mata aiki sai ta karɓa, ta ɗora gefe, ta ci gaba da abin da take yi. Ni kuma in tsaya.

"Akwai wani abu?" ta kan ce.

"A'a, ranki ya daɗe. Na ce ko ya yi?"

"Ban duba ba tukuna."

In koma wurina. Kafin azahar na sake leƙowa.

Na san inda na ɗauko wannan hali. A unguwar Talladjé na tashi, ni da Inna da ƙannena, a ɗaki guda na haya. Inna wanki take yi a gidajen masu hali, ni ina riƙe mata ƙullin kaya in an tashi daga lekol, wato makaranta. Matar gida za ta ɗaga zane ta duba, mu kuma muna duban fuskarta. In ta yi faɗa, da sauƙi, Inna ta ba da haƙuri ta sake wankewa. Wadda ta yi shiru ita ce abin tsoro. Gobe in mun zo, mai gadi zai ce an sami wata. Ranar sai dai gari da ruwa, wani lokaci ko shi babu. Tun ban iya Zabarmanci ba na iya karanta girar mutum.

Wata rana Madam ta ajiye alƙalaminta ta dube ni.

"Ƙanwata, kina hana ni aiki. In akwai kuskure ni zan kira ki. In ban kira ba, lafiya ke nan."

Na ce to. Na yi ƙoƙari, Allah shi ne shaida. Amma shirunta ya zame mini ciwo. Abinci ya daina shiga. In ta wuce ba ta amsa gaisuwata da fara'a ba, sai in buɗe aikin jiya in bi shi layi-layi ina neman laifina. Na koma tambayar abokiyar aikina, mai kula da odar kaya: "Ta ce wani abu a kaina?" Tun tana dariya har ta fara ɗauke kai in ta ga na juyo.

Sai ga wani babban rahoto da na sha wahalarsa. Madam ta karɓa da safe, har aka tashi ba ta ce komai ba. Na ga ta ɗauki jaka ta fita. Ban san lokacin da na bi ta ba. Ta shiga mota, na riƙe murfin ƙofar, masu dakon siminti suna kallo.

"Madam, don Allah ki faɗa mini. Ko zagi ne ki yi. In korata za ki yi, ki faɗa yau."

Ta dube ni. Ba fushi na gani ba, gajiya ce.

"Wa ya ce zan kore ki? Aikinki ba shi da aibu. Sakar mini ƙofa."

Na saki. Maganar ta riƙe ni zuwa magariba, daga nan zuciyata ta ce ai don ta rabu da ni ta faɗa.

Da kwantiragina ya ƙare ba a sabunta ba. Madam ta ce hannuna yana da kyau, amma ba za ta iya aiki da wadda sai an riƙa lallashinta kullum ba. Ban yi musu ba.

Yanzu ina unguwar Goudel wurin ƙanwata, ina buga wa ɗalibai takardunsu a tsohuwar na'ura. Suna karɓa su tafi, yawancinsu ba na sake ganinsu. Ƙanwata ta ce in je in ga likita, ni kuma ban san da wace kalma zan fara gaya masa ba. Ina ta neman wani aikin. Ina kuma tsoron ranar da za a ce na samu.